Yadda za ka yi yini guda a Suleja, Abujar asali, ka dawo gida kafin magariba

Hutun ƙarshen shekarar da ta wuce Yayata ta zo min daga Kano da yaranta uku, na kai su Millennium Park, na kai su bakin tafkin Jabi, muka yi Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa, duk inda ake kai baƙi dai. A rana ta uku muna cikin mota ƙaramar 'yarta mai shekara 9 ta ce min, "Kawu, wai ina fadar sarkin garin nan take, kuma ina cikin gari?" Yarinyar ta taso a Kano ne, a saninta gari sai da fada da ganuwa da tsohuwar kasuwa. Washegari da sassafe na kwashe su muka yi Suleja, kuma tun daga ranar duk baƙon da ya sauka gidana sai na kai shi, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake tsara tafiyar don wanda bai taɓa zuwa ba, domin akwai mutanen da suka shekara goma suna aiki a Sakatariya amma ba su san cewa sunan da ke kan adireshinsu aro shi aka yi daga wani gari da ke tafiyar kusan awa ɗaya daga ofishinsu ba.

Ka fara da sanin inda za ka

Idan ka je Suleja ba ka san labarinta ba, abun da za ka gani kawai gari ne mai cinkoso da keke napep da gidajen haya na ma'aikatan Abuja da kuɗin haya ya koro, sai ka dawo kana cewa ba komai a can. To ga labarin a taƙaice. Lokacin jihadi, Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu har ya sauka wajen Zuba, ya rasu a 1825 a yaƙin Lapai. Ɗan'uwansa Abubakar Ja, wanda ake kira Abu Ja, shi ya gaje shi, shi ya kafa gari a 1828 garin ya ci sunansa, Abuja. Shi ya sa har yau sarautar sunanta Sarkin Zazzau Suleja, wanda yake kai kuma shi ne Muhammadu Awwal Ibrahim, wanda ya yi gwamnan Neja daga 1979 zuwa 1983. Da gwamnatin Janar Murtala ta fitar da dokar kafa sabon babban birnin tarayya ranar 3 ga Fabrairu 1976, mafi yawan ƙasar daga jihar Neja aka yanko, sauran daga tsohuwar Filato da tsohuwar Kwara, sai sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari kuma aka raɗa masa sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, ya zama Suleja. Gwamnati ba ta taso daga Legas a hukumance ba sai 12 ga Disamba 1991. Ka ga kenan garin ya ba da ƙasa ya kuma ba da suna, shi kuma ya tsaya a jihar Neja. Ni wannan yana taɓa min zuciya sosai, kuma ina so duk wanda zai je ya je da girmamawa.

Zaɓen wata da rana

Wannan yankin ba kamar Kano ko Katsina ba ne, damina tana da tsawo, tun wajen Afrilu ruwa yake sauka har Oktoba, kuma a Agusta da Satumba yana iya wuni yana zuba. Suleja gari ne mai tudu da kwari da rafuka a tsakiyar unguwanni, idan aka yi ruwa mai ƙarfi lunguna suna cika nan da nan, an taɓa yin ambaliya a daminar 2017 da ta ci rayuka da gidaje, saboda haka idan ka ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas ka nemi rumfa ka zauna, kar ka ce wa mai keke ya ratsa ruwa mai gudu da kai. Daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu kuma zafi ne mai nauyi, irin wanda za ka yi wanka ka fito kana gumi. Disamba da Janairu da daɗin yawo amma hazon hunturu yana rufe Dutsen Zuma, wata rana sai ka zo gindinsa kafin ka gan shi sosai, hoto kuma ba ya kyau.

Ni a ganina lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, duwatsu shar da kore, sabuwar doya ta cika kasuwa, sararin sama kuma tas.

Maganar rana ita ce mutane suka fi yin kuskure a kanta. Kowa cewa yake bari sai Asabar, alhali ranar aiki ta fi sauƙi ga mai ziyara, saboda da safe duk jama'ar Suleja da Madalla da Zuba da Kubwa birni suke shiga, kai kuma fita kake, da yamma su suna komawa gida kai kana shigowa. Ranar da muka je wajen bakwai da rabi muna kan titin Kubwa, hannunmu fayau, ɗaya hannun kuwa motoci ne jere kamar an ɗaure su da igiya, mutane tsaye a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙafa da jakunkunan ofis suna ɗaga hannu, Yayata ta leƙa ta taga ta ce "Allah sarki, kullum haka suke yi?" na ce mata kullum, Yaya. Idan Juma'a za ka je, ka shiga gari kafin ƙarfe goma sha biyu don hanyoyin kusa da masallaci suna cushewa. Ka kuma tambayi direba ko ranar kasuwar Madalla ke ci, idan tana ci gosulo a mahaɗar yana iya cinye maka rabin awa ko fiye.

Abun da za ka riƙe

Tsabar kuɗi ƙanana, don mai keke da mai masa da mai tukunya ba lallai su karɓi tiransifa ba, masu POS suna nan ko'ina amma netwok yana yin halinsa. Ruwan sha, hula ko lema, takalmi mai sauƙin cirewa saboda fada da masallaci, katin shaida, waya a cike da caji. Idan za ka sayi tukunya ka taho da tsohon zani ko kwali. Mai motar kansa ya duba takardunsa da lasisi tun daren jiya, domin za ka fita daga Abuja ka shiga Neja kuma akwai jami'ai a kan hanya ta kowane ɓangare. Idan kwana zai kama ka a can, gidan sauro ko maganin shafawa dole ne, sauron yankin nan ba ya wasa musamman da damina.

Hanya

Daga cikin birni hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, babban titin Murtala Muhammed wanda kowa ke kira titin Kubwa. Za ka wuce Gwarimpa, Dawaki, mahaɗar Dutse, Kubwa, Deidei, sai Zuba, inda titin ya haɗu da babbar hanyar Kaduna zuwa Lakwaja, a nan za ka ɗauki hannun Kaduna. Wanda yake Lugbe ko kan titin filin jirgi ba sai ya shigo birni ba, ya bi ta mahaɗar Giri ya ɓullo Zuba.

Idan motar haya za ka hau, a nan nake so ka nutsu ka karanta. Ka je inda ake lodi, tasha ko wurin da 'yan yuniyon suke tsaye suna kiran "Zuba, Suleja", kamar Berger ko Area 1 ko tashar Jabi, ka hau motar da ka ga ana cika ta a gabanka. Kar ka tsaya a bakin titi kai kaɗai mota marar fenti ta tsaya maka da mutum uku a ciki ka faɗa, wannan ita ce hanyar 'yan wan cans, ɓarayin da ke yin kamar direba da fasinjoji, kuma ba labari ba ne, wani abokin aikina haka suka ɗauke shi da yamma, suka karɓe wayarsa da katin ATM suka turo shi waje a wani wuri mai duhu, Allah ya sa da ransa ya tsira. Ka duba ko gilashi mai duhu ne, ka duba ko hannun buɗe ƙofa na ciki yana aiki, idan aka matsa maka lallai sai ka zauna a tsakiya ko zuciyarka ba ta kwanta ba to ka ce ka fasa, ba kunya a ciki. Idan ba ka samu mai zuwa Suleja kai tsaye ba ka hau ta Zuba, a can motoci da yawa suke. Kuɗin mota ka tambaya kafin ka shiga, yana canzawa da farashin mai da kuma lokaci, da safe mai fita daga birni yakan samu sauƙi tunda direbobi komawa suke su kwaso ma'aikata. Masu iyali da ba su da mota gara su yi shatar tasi ta yini guda wurin direban da suka sani, Bolt, tasin da ake kira ta waya, zai kai ka amma samun na dawowa daga can ba tabbas.

Tsayawa ta farko, Dutsen Zuma

Tun kafin ka kai Zuba za ka fara hango shi, da ka wuce Madalla kuwa sai ya cika maka ido gaba ɗaya, dutse guda curarre a tsaye shi kaɗai, jikinsa da zane-zanen baƙi da fari inda ruwan sama yake gangarowa. Shi ne a bayan tsohuwar takardar naira 100 da aka fitar a 1999, mai hoton Awolowo a gaba. Mutane da yawa suna ɗauka a Abuja yake, a jihar Neja yake. A jikinsa akwai wani wuri mai kama da fuskar mutum, ido biyu da hanci da baki, ba ta kowane gefe ake ganinta ba, ka ce wa direba ya rage gudu ya nuna maka, yara suna jin daɗin neman ta sosai.

Amma don Allah kar ka yi fakin a kan kwalta don ɗaukar hoto, wannan hanyar tireloli da tankokin mai ne ke bin ta dare da rana. Ka nemi fili ko gidan mai ka shiga sosai, ka riƙe hannun yara. Minti ashirin ya isa. Maganar hawa kuma ka bar ta sai ka shirya mata rana daban da mutanen wurin da suka san hanya da izini, jikin dutsen a miƙe yake kuma da damina santsi ne da shi. Gwarawa da Koro da ke zagaye da shi suna da tarihinsu da shi tun kafin a kafa Abuja ta farko ma, idan ka samu dattijo a wurin ka gaishe shi da kyau, "Baba barka da hutawa", za ka ji abun da ba ya cikin littafin makaranta.

Shiga gari da zuwa fada

Ana shiga Suleja ta Madalla, ana kuma shiga ta gaba ta mahaɗar da ake kira Kaduna Road, tunda ka je Zuma ta biyun ta fi maka. Da ka shiga ka ajiye mota a wuri mai tsaro ka hau keke, titunan cikin gari matsattsu ne, ka ce masa fada. Hausa ce yaren gari, za ka ji ta da ɗan karin harshen Zazzau a bakin 'yan asalin gari, ga Gwarawa ga Nufawa ga Yarbawa da Ibo 'yan kasuwa kowa yana yin ta.

A ƙofar fada ka fara da dogarai. Sallama, gaisuwa, sannan ka faɗi abun da ya kawo ka, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Abuja, mun kawo yara su ga fada." Kar ka zaro waya ka fara ɗauka kafin ka tambaya, inda aka ce a cire takalmi a cire, inda aka ce nan ne iyaka to nan ne. Mata su sa mayafi ko hijabi, maza ma shiga ta mutunci, ba gajeren wando ba. Ganin sarki kansa sai da tsari da neman izini tun kafin ranar, kar ka sa rai da shi a ziyarar yini ɗaya, amma zama a ƙofar fada kaɗai kana kallon masu shiga da fita, hakimai da rawani, maroƙa, mai algaita idan ka yi sa'a, ya isa ya nuna wa yaro cewa wannan gari mai asali ne. 'Yar Yayata da ta ga dogari da jar riga sai ta ja hannuna ta ce "Kawu, ka ga irin namu." Idan kana so ka ga garin a cikin adonsa to ka zo da hawan sallah, sai dai ranar cinkoso ba a magana. Azahar ka yi ta a babban masallacin da ke kusa da fada kafin ka wuce.

Gidan tukwane na Ladi Kwali

Kafin ka tafi nan ka nemi takardar naira 20 ka ba yaro ya riƙe. A gaba Murtala ne, wanda ya sa hannu aka kafa sabuwar Abuja, a baya kuma wata mata ce tana gina tukunya, ita ce Ladi Kwali, kuma a garin nan ta yi aikin da ya kai sunanta duniya. Bagwariya ce 'yar garin Kwali, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya irin na gargajiya da hannu. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya zo ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, ya zaɓi garin saboda akwai yumɓu mai kyau da itacen wuta da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau wanda shi kansa mai son tukwane ne yana tara su a gidansa. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da injin juyawa da gashi a babban murhu mai zafi, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi. Ta je Ingila da Jamus da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, matar da ba ta yi boko ba, ta rasu a Minna a 1984.

Ka ce wa mai keke Ladi Kwali, tsofaffin cikinsu sun sani. Wurin ya tsufa, saboda haka ka je da niyyar ganin inda abun ya faru, ka tambayi wanda ka tarar ko akwai mai zagayawa da kai, idan ya yi maka bayani ka ba shi na goro. Idan kuma burinka ka ga mata suna gini da idonka to ka ware wata safiya ka je Ushafa ta hanyar Bwari, inda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a Agustan 2000. A can na tsaya na kalli wata tsohuwa, tukunyar tana zaune wuri ɗaya ita ce take zagaya ta, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana ɗora yumɓu tana jan shi sama, ta jiƙa ɗan tsumma ta shafe bakin, cikin ƙanƙanin lokaci baki ya fito da'ira kamar an auna, ko sau ɗaya ba ta ɗago ta kalle mu ba.

Idan za ka sayi tulu ko randa ko kasko, a kasuwa ko a bakin hanya, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsagu sautinta a dishe yake. Ka duba gindi ko tana zama daidai. Ka naɗe ta da zani, wani ya rungume ta a cinya, kar ka sa ta a but ita kaɗai ramukan hanya za su fasa maka ita. A gida ka cika ta da ruwa ta kwana ka zubar, ka maimaita sau biyu ko uku kafin a fara sha. Kuma ka yi ciniki da tausayi, "Mama nawa za ki bar min", ba ka raba kuɗin gida uku ba, aikin kwanaki ne tun daga haƙo yumɓu har gashi.

Abinci da kasuwa

Kasuwar IBB ita ce babba, atamfa da kayan miya da hatsi da doya duk sun fi cikin birni sauƙi, shi ya sa matan Abuja da yawa can suke sayayyar wata. Ka riƙe wayarka da kyau kamar kowace babbar kasuwa. Abinci kuwa ka nemi inda 'yan gari suka yi layi, masa da miyar taushe, tuwon shinkafa, sakwara tunda ƙasar doya ce, fura da nono wurin Fulani, ka zaɓi abun da ake sauke shi da zafi a gabanka, ruwa kuma na roba da ka buɗe da kanka.

Wasu za su ce maka tunda ka zo nan ka ƙarasa magangarar ruwa ta Gurara da ke kan hanyar Minna. Wuri ne mai kyau ƙwarai amma kar ka haɗa shi da wannan yinin, yana son ranarsa daban, da rakiyar wanda ya san halin hanyar a wannan makon, kuma da damina ba a shiga ruwan.

Dawowa

Da an yi la'asar ka kama hanya, ƙarfe huɗu da rabi ya same ka ka bar Suleja. Ka tsaya kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba, inda manyan motoci ke sauke lemo da abarba da ayaba da agada da kankana, a kwando ko tsibi ake saya, idan ku biyu ne ku haɗa kuɗi ku raba, kuma ka sa mai kaya ya juye maka kwandon ka ga na ƙasa kafin ka biya. Rabin awa ya ishe ka a nan, kar ka bari duhu ya same ka kana neman mota a Zuba da kaya da yara. Mai motar haya ya koma cikin tasha ya hau wadda ake lodi, ko da za ta ɗan jima kafin ta cika. Daga Deidei zuwa Gwarimpa za ka ga ɗaya hannun ya fara cushewa da masu komawa gida, naka a buɗe, idan ka fita a kan lokaci za ka ji kiran magariba kana sauke doya da tulu a ƙofar gidanka.